Man Shanu Cikin Shayi Da Ɗalibata Mai Gyangyaɗi

Ya 'yan'uwana mata, uwayen gida da 'yan makaranta, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a wannan mako, in ba ku labarin wani kuskure da na yi. Na daɗe ina jin kunyar faɗinsa, amma na ga in na yi shiru wata za ta faɗa ramin da na faɗa, alhali kuwa an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni mutuniyar Tambuwal ce, can aka haife ni, can na yi firamare da sakandare. Daga nan aka kai ni Sakkwato, Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, na yi shekara 3 ina koyon aikin malanta. A shekarar ƙarshe, da jarrabawa ta matso, kowace ɗaliba sai ta shiga neman dabarar da za ta hana ta barci. Wata ta kan tsoma ƙafafunta cikin bokitin ruwan sanyi, wata ta kan ci goro kamar tsohuwa, wata kuwa a tsaye ta ke karatu har asuba. Ana nan sai wata abokiyar zamana a ɗaki ta zo mini da sabon labari da ta gani a waya. Ta ce Turawan Amurka sun gano sirrin buɗe ƙwaƙwalwa, watau mutum ya dafa gahawa, ya zuba man shanu cokali 1 ko 2, ya kaɗa har ya yi kumfa, ya sha da safe maimakon karin kumallo. Ta ce wanda ya yi haka ba ya jin yunwa, ba ya gyangyaɗi, abin da ya karanta kuma ya zauna daram.

Labarin yana da tushe, ba ita ta ƙaga shi ba. Wani Ba'amurke ne mai suna Dave Asprey ya tafi ƙasar Tibet a shekarar 2004, can kan duwatsun Asiya, sanyi da wahalar hawa suka galabaitar da shi, aka ba shi shayin mutanen wurin mai man shanu, ya ji ƙarfinsa ya dawo. Da ya koma gida sai ya sāke haɗin, ya sa gahawa a madadin shayi, ya ƙara wani mai da a ke tacewa daga man kwakwa, ya bazu da shi a shekarar 2009. Ya raɗa masa suna Bulletproof, watau abin da harsashi ba ya hudawa, kamar dai a ce gahawa mai maganin bindiga. Ya kafa kamfani a kan wannan suna, ya rubuta littafi a shekarar 2014, ya sami dukiya mai yawa.

Ni kuwa da na ji haka sai na ce a raina, ashe mun yi kwanan kaza a kan dami! Ga man shanu a ƙofar gidanmu, Fulani na kawo shi kowace ranar kasuwa, ɗan dunƙule fari yana yawo a kan nono cikin ƙwarya, mu ba mu san maganin basira ba ne. Gahawa ta yi mini tsada, saboda haka na koma ga shayi. Na kan sa ganye 2 a kofi ɗaya ya yi baƙi ƙirin, in zuba soyayyen man shanu cokali 2, in kaɗa da maburgi, in shanye. Da dare ma in ƙara wani.

Makon farko lalle na ji daɗin abin. Idona ya bushe, na kan kai ƙarfe 2 na dare a kan littafi, da safe kuma ba na neman koko balle ƙosai. A mako na biyu sai na fara jin ƙirjina yana bugawa kamar ana daka, in na kwanta barci ya ƙi zuwa, in na zauna a aji kuwa ya zo ba sallama. Na kan karanta shafi guda sau 3 ban san abin da ya ce ba. Duk da haka Allah ya taimake ni na ci jarrabawa, ni kuwa da wautata sai na ba man shanu ladan, na manta da shekara 3 da na yi ina bitar darasi.

Da na koma Tambuwal hutu, ran nan da safe kakata ta same ni a bakin murhu ina kaɗa shayina. Ta tsaya ta dube ni, ta riƙe haɓa, ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Mai na tuwo na, ba na ruwan bunu ba."

Na ce, "Kaka, ai maganin ƙwaƙwalwa ne, Turawa suka gano shi."

Ta ce, "To, madalla. Mu dai tun muna ƙanana munka san da ruwan ciki a ka jan na rijiya. Ki ci ɗumame ki bar wanga wasa."

Na yi dariya, na ce a zuci tsohuwa ba ta san zamani ba. Ashe ni ce ban san kome ba.

Bayan na karɓi takardar shaidata aka tura ni koyarwa wata makaranta a ƙasar Kebbe, kudu da Tambuwal. Cikin 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare akwai wata yarinya Bafillata, ba zan faɗi sunanta ba, shekarunta ba su wuce 14 ba. Daga ruga ta ke zuwa a ƙasa, tafiyar kusan sa'a guda. Yarinya ce mai kaifin hankali, in ta farka ba wanda ke riga ta ba da amsar lissafi, amma da ƙarfe 10 ta yi sai ka ga kanta yana rangaji, alƙalami ya suɓuce. Sakamakonta ya yi ta ja da baya. Ranar da na tsare ta na tambaye ta, sai ta fashe da kuka, ta ce babanta ya rantse in ba ta ci jarrabawar fita aji 3 ba, karatunta ya ƙare ke nan, ta zauna gida ta taya innarta tallan nono.

Tausayinta ya kama ni, na ga kuma ai ina da magani a hannu. Na ce mata, "Ke da a gidanku a ke yin man shanu, me zai sa ki yi gyangyaɗi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, mu ka kaɗa shi, amma ba mu cin shi. Na kasuwa na."

Wannan magana ya kamata ta farkar da ni, amma ban ji ta ba. Na sayi kwalin ganyen shayi da kuɗina na ba ta, na koya mata yadda za ta haɗa, na ce ta gaya wa innarta Malama ce ta ce a riƙa ware mata dunƙule guda kullum. Lokacin kuwa rani ne, shanu sun yi kudu neman ciyawa, 'yan waɗanda suka rage nononsu ya ja baya, man shanu ya yi tsada. Baiwar Allah nan ta ware, domin a ganinta malamar makaranta ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Dunƙulen nan da shi ta kan sayo gishiri da daddawa da sabulu.

Ba a cika mako 3 ba, ran nan muna tsaye a taron safe, sai na ji 'yan mata sun yi salati. Ɗalibata ce ta yanke jiki ta faɗi. Muka yayyafa mata ruwa, muka ɗauke ta a babur zuwa asibitin da ke kusa. Ma'aikaciyar jinyar da muka tarar, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta dubi tafin hannunta da harshenta, ta sa aka ɗibi jini aka auna. Sa'an nan ta tambaye ta abin da ta ci da safe. Yarinya ta ce shayi da mai. Jiya da dare fa? Ta ce tuwo kaɗan, sa'an nan shayi, don ta yi karatu da tocila. Ƙarfe nawa ta kwanta? Ta ce ba ta sani ba, amma zakara ya yi cara na fari ba ta runtsa ba, da asuba kuma ta tashi ɗebo ruwa da tatsa.

Dattijuwar ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Yarinya ta yi shiru, ba ta so ta tona ni. Na ce, "Hajiya, ni ce."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malama, yarinyar nan jininta ne ya yi ƙasa, kuma ya daɗe da yin ƙasa, tun kafin shayinki. Shi ya sa ta ke gyangyaɗi. Ke kuma kin zo kin hana ta abinci, kin hana ta barci."

Tun daga ranar na shiga tambaya da karatu a kan wannan al'amari, ga kuma abin da na samo, in gaya muku shi a sauƙaƙe.

Abin da ke busar da ido a cikin shayi da gahawa da goro wani sinadari ne da a ke kira kafeyin. Tun da mutum ya farka da safe akwai wani abu da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, sunansa adenosin, shi ne manzon da ke sanar da ita cewa jiki ya gaji. Kafeyin ya kan je ya zauna a ƙofar da manzon nan ke shiga, kamar dogari a zaure, ya hana shi isar da saƙo. Gajiyar tana nan ba ta tafi ko'ina ba, labarinta ne kawai bai iso ba, da dogarin ya tashi kuwa sai ta shigo gaba ɗaya. Kofin gahawa yana da kafeyin wajen miligiram 95, na baƙin shayi wajen rabin haka. Bayan sa'a 5 da sha, kusan rabinsa yana nan cikin jini, shi ya sa shayin bayan isha ya kan hana barci har tsakar dare. To, kun ga farkawar da na ji a makon farko aikin ganyen shayi ne. Man shanu ɗan rakiya ne kawai.

Abin da man ya yi shi ne ya kashe mini yunwa, domin maiƙo ya kan daɗe a ciki kafin ya wuce. A shekarar 2023 waɗansu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan gahawa mai man shanu, suka ga ba ta fi gahawa zalla ƙara kaifin tunani ko farkawa ba. Ƙwaƙwalwa nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma abincinta na yau da kullum shi ne sukarin da jiki ke fitarwa daga hatsi, watau daga gero da dawa da shinkafa da masara. Ashe furar da na raina ita ce ke ciyar da ita.

Ga kuma wata illa. Babban cokali guda na man shanu yana da ƙarfin abinci wajen kalori 100, da giram 7 na irin kitsen nan mai daskarewa in an yi sanyi. Soyayye ma ya fi haka, tun da ruwansa ya ƙone, mai zalla ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau wajen giram 22 ga babban mutum. Cokali 2 da safe, cokali 2 da dare, kun ga na wuce iyaka tun ban taɓa tuwo ba. Yawansa ya kan ƙara maiƙon cikin jini da likitoci ke kira kolestarol, wanda ke cushe hanyoyin jini a hankali. Saboda haka mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, kada a yi musu wannan haɗi da sunan gata. Mai juna biyu kuma ta rage shayi mai kauri da gahawa da goro, ta tambayi ungozomar asibiti iyakar abin da za ta sha.

Wata za ta ce, to, mutanen Tibet fa da suka gāji abin kaka da kakanni? Gaskiya ne, suna dafa ganyen shayi, su sa gishiri da man wata irin saniya mai dogon gashi da a ke kira yak, su kaɗa a cikin wani dogon bututun itace, kusan yadda Fulaninmu ke kaɗa nono a gora. Amma ku dubi inda su ke zaune. Babban birninsu Lhasa yana kan tudu mai tsawon fiye da mita 3,600, Sakkwato kuwa wajen mita 300. Sanyinsu ruwa ya kan daskare, makiyayansu suna yini a kan duwatsu, kayan lambu kaɗan ne. Jikin da ke fama da irin wannan sanyi yana ƙone mai nan da nan, maiƙon kuma yana hana leɓe tsagewa. A Habasha ma, wajen mutanen Gurage, a kan sa wa gahawa man shanu da gishiri. Duk waɗannan abinci suka ɗauke shi da karramar baƙo. Mu da zafin bazara ke wuce digiri 40 a Tambuwal, muna zaune a kan benci muna karatu, ina mu ina kwaikwayon makiyayin kan ƙanƙara?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen jini. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, watau fiye da rabinmu. Jini shi ke kai iska ga ƙwaƙwalwa, in ya yi ƙasa sai kasala, da jiri, da ciwon kai, da mantuwa. Yarinya da ta fara ganin al'ada tana zubar da jini kowane wata, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsutsar ciki, duk suna rage shi. Jiki yana gina jini da sinadarin ƙarfe da ke cikin hanta, da nama, da kifi, da wake, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Shi kuwa shayi yana da wani abu mai bauri da ke kama ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, ya hana hanji tsotse shi. In aka sha shi tare da abinci ya kan rage abin da jiki zai samu da fiye da rabi. Lemo da gwaiba da tumatir kuwa taimaka wa hanji su ke yi ya tsotsa. Watau ni na ɗauki abin da ke tare ƙarfe na ba yarinyar da ƙarfe ta ke nema.

Ranar Asabar na bi ta har ruga. Na tarar da innarta a gindin bukka tana wanke ƙore, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo neman gafara ne. Na sa ki asarar mai, na kuma sa 'yarki ta faɗi."

Ta ce, "Malama, ai alheri kinka nufa. Tashi, tashi." Ta dama mini fura da kindirmo, ba ta bari na tafi ba sai da na shanye.

Muka zauna da ita da maigidan muka yi shawara. Aka ba yarinya ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsa daga asibiti. Innarta ta ɗauki alkawarin ba za ta fita da safe ba sai ta sha fura ko ta ci ɗumame, kuma ran kasuwa, daga kuɗin dunƙulen nan, a sayo wake da 'yar hanta in ta samu. Ƙanenta ya karɓi ɗebo ruwan asuba. Ni kuma na ce ta bar karatun tocila, ta riƙa tsayawa bayan an tashi mu yi bita na rabin sa'a. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, an yi wajen wata 2 kafin in ga ta kai ƙarshen darasi idonta biyu. Ta zauna jarrabawa, ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta ci. Babanta ya cika maganarsa, yanzu tana aji 1 na babbar sakandare, har yau kuwa a ƙasa ta ke zuwa.

To, iyayena mata, in kun ga 'yarku tana gyangyaɗi a kan littafi, kafin ku ce ragwanci ne, ku tambayi abu 3. Me ta ci da safe? Sa'a nawa ta yi barci, tun da mai shekarunta tana bukatar sa'a 8 zuwa 10? Sa'an nan ku ja fatar idonta ku duba, in kun ga fari fat maimakon ja, ku kai ta asibiti a auna jininta. Koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko fura da nono, ko ɗumamen tuwo da miyar kuka, kowanne ya isa ya riƙe yarinya har azahar. Ku rage mata aikin dare da na asuba a lokacin jarrabawa, ko da 'yan'uwanta maza ne za su karɓa.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ban hana ku shan shayi ba, ni ma ina sha. Ku sha kofi guda mara kauri, ku bar tazarar sa'a guda tsakaninsa da abinci, kada kuma ku sha bayan la'asar in kuna son barcin kirki. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, wadda ta kwana a zaune ta yi ɗiba ne a kwando. In wata ta zo muku da sabon sirrin cin jarrabawa, ko da malamarku ce, ku tambaye ta wa ya gwada, kuma wa ke sayarwa.

Man shanu kuwa abinci ne mai albarka, yana da bitamin A mai gyara ido, ɗan kaɗan a kan tuwo ko shinkafa da wake ya kan sa yaro mai ƙin abinci ya cinye kwanonsa. Ku ci gaba da saye wurin Fulaninmu, ku sa shi inda kakata ta ce. Da na koma Tambuwal na ba ta wannan labari duka, ba ta ce mini kome ba, sai ta miƙo mini akushin ɗumame, ta ɗiga mai a kai.

Allah ya ba mu lafiya da mu da 'ya'yanmu, ya sa albarka a karatunsu, amin. Sai wani mako in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Wata malamar makaranta, ƙasar Kebbe.